Shekarar da Na Haƙa Rijiya a Gindin Shashatau

Na san sunan da kuke kirana da shi idan na ba da baya. Abu Bir, wato mai rijiya. Ba ku kuka fara ba, gadonsa kuka yi, don haka ban riƙe kowa a zuciya ba. Larabawan ƙauyen da ke kusa da mu ne suka laƙaba mini, 'yan'uwana Hausawa suka ɗauka suka ƙara masa gishiri, har ta kai yau idan aka ga mutum yana wahalar banza sai a ce ya shiga rijiyar Garba. Kwanan baya a nan Kamlin, ina kishingiɗe a inuwa, na ji jikata Safiya tana ba ƙawarta labarin da Larabci, tana dariya har da riƙe ciki, wai kakanta ya ga fure ya ɗauka ruwa ne. Ba ta yi ƙarya ba, 'yar nema, amma ta wutsiya ta kamo zancen. Tun da sauran numfashi, bari in ba ku shi ta kai.

A lokacin muna zaune a wani kambo yamma da Managil, 'yan bukkokin 'yan ƙwadago da aka jera tsakanin tur'a, wato magudanar ruwan ban gona, da gonaki. Ina da shekara talatin da 'yan kai. Ina noma hawashar wani Balarabe, gonar da aka yanka masa, idan an girbe mu raba, idan aikin gona ya yi sauƙi kuma in shiga tur'a da lauje ina share ciyawa don ruwa ya samu hanya. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu ba dutse. Da tsakar rana sai ka ga bukkokin nesa sun tashi daga ƙasa suna lilo a kan wani ruwa da babu shi. Ruwan shanmu na tur'a ne, uwarku Dije ta ɗebo ta zuba a randa, a jira laka ta kwanta. Ke Ladi, ke ce a bayanta a shekarar, ko zama ba ki gama koya ba.

Inna, mahaifiyata, tana tare da mu. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Idan tana da saƙo sai ta ba Dije ina zaune a wurin, idan Dije ba ta nan ta ba akuya, ni dai in tsinta. Tana amarya ta baro ƙauyensu a bakin gulbi, ƙasar Sakkwato, ita da mahaifina da niyyar Makka. A hanya aka haife ni. Shi ya rasu a Mai Wurno, garin Hausawa a nan ƙasar, bai ga teku ba, ita kuma ta yi ta bin mu daga wannan aiki zuwa wancan har yanar ido ta rufe mata gani. A shekarar da nake ba ku labari, haske da duhu kawai take rarrabewa, ga wani tari da ba ya barin ta da asuba.

Da sanyi ya shigo sai ga ƙanenta, Kawu Mamman, daga Mai Wurno. Ya ce shi kam ya gaji, da zarar an gama tsinkar auduga zai hau lori ya koma gida, ta Fashir da Abashe. Ya kwana biyu ya tafi, ya ce zai biyo ya yi sallama. Ranar da ya tafi Inna ba ta taɓa tuwo ba. Can da la'asar ta juya fuskarta wajen da take jin motsin Dije.

"Dije, gaya ma maigidanki, in Mamman ya biyo, za ni gida."

"Haba Inna, ina ne ba gida ba? Ga ɗanki, ga jikarki."

"Wanga wuri? Wurin da ba rijiya ba gari ba ne, zango ne. Kuma ba a mutuwa a zango in da hali."

Na san wannan hanya a bakin waɗanda suka biyo ta. Makonni a bayan lori, rana da ƙura, ga tarin nan nata. Ko dai ta mutu a hanya a rufe ta inda ba wanda zai sake ganewa, ko ta isa, ni kuma in rabu da ita har abada. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma ɗan fari ba ya zama gaban uwarsa ya ce kada ki tafi. Na tashi na ɗauki laujena kamar ban ji ba.

A bayan kambo, a gindin gaɓar tur'a, akwai wani ɗan kwari da kullum yake da danshi. Can na je na yanko wa awaki ciyawa, na zube a ƙofar bukka. Inna tana da al'adar tsince ciyawar da hannu, wai kada a ba dabba abin da zai kumbura ta. Tana cikin lalube sai hannunta ya tsaya. Ta ɗago wani reshe, ta bi shi da yatsa, ta kai hanci.

"Dije, ina yas samo shashatau?"

Ni wannan ciyawa na tumɓuke ta ya fi a ƙirga, ban taɓa sanin tana da suna ba. Abokan aikina Larabawa ciyawa kawai suke ce mata, ni ma haka. Ashe tana da suna da Hausa, yana nan ajiye a bakin Inna shekara talatin ba abin da ya tono shi.

Washegari da sassafe ta ce a kai ta. Dije ta riƙe mata hannu, ni ina biye a baya kamar ba tare muke ba. Tururi yana tashi daga tur'a, balbelu sun jeru a gaɓa ba mai motsi, rana ba ta gama fitowa ba. Sai na ga wurin kamar ban taɓa zuwa ba. Shashatau ya cika kwarin, tsayinsa ya kai ƙugu, wani har ƙirji, ƙafarsa a cikin taɓo, kansa a sarari inda ba inuwa. Karansa ja-ja ne, ganyensa siriri mai tsini. A hammatar kowane ganye fure ɗaya, rawaya shar, mai kunne huɗu, kowane kunne da ɗan tsagu a baki. Inna ta durƙusa a taɓon ba ta damu da zanenta ba. Ta taɓa fure ɗaya, kunnuwan huɗu suka zube mata a tafin hannu, sai ta yi dariya, irin dariyar da ban san tana da ita ba.

"Shi ne. Ba shi son a taɓa shi. Ko ba a taɓa ba, kafin azahar ya zubar."

Ta nuna wa Dije 'ya'yansa, dogaye sirara da 'yar hula mai baki huɗu, sak kanumfari. Ta ce suna yara sukan tsinke su su yi wasan kasuwa. Ta fasa busasshe ɗaya, iri ya zubo kamar garin taba, ta hura shi kan ruwa ya yi ta yawo bai nutse ba. Ta ce haka yake tafiya, ruwa ne jakinsa, inda ruwa ya gaji ya kwanta nan yake sauka. Ta cusa hannu a taɓo ta jawo saiwa, ga wasu farare masu taushi kamar ɓargon kara sun ɗago sama, ta ce da su yake shan iska idan ruwa ya rufe shi. Ba ya son ruwa mai gudu, ba ya son tudu. Sannan ta juya fuskarta yamma, ta fara magana a hankali kamar mai barci. Ta ce ubanta maginin rijiya ne. Idan mutanen wani ƙauye suka kira shi, ba ya tambayar kowa, sai ya yi ta yawo da rani har ya ga shashatau tsaye da ɗanyen ganye, nan zai kafa diga.

"Gaba biyu, in ta yi nisa ukku, ka ishe ruwa. Bai taɓa yi mai ƙarya ba. Ko a Mai Wurno, bakin kogi, haka nig gane shi."

Na matsa kusa da Dije na ce ta tambaye ta, idan aka samu rijiya a nan fa? Dije ta tambaya. Inna ta daɗe tana murza ganye a hannu.

"In anka samu rijiya, sai a sake magana."

A ranar na aro diga da shebur, na sayo igiya. Na share wuri a tsakiyar kwarin, na yi bisimilla. Makwabta biyu suka taya ni kwanakin farko, don su ma 'ya'yan mutanen fadama ne, sun ji irin wannan magana a bakin iyayensu. Gaba na farko baƙar laka ce mai danshi, tana manne wa diga, har ruwa yana tsattsafowa ta gefe. Muka yi ta murna, har Dije ta yi guɗa. Gaba na biyu danshin ya ragu. Na uku ƙasa ta bushe ƙamas, diga tana tashi da ƙura. Makwabtana suka dubi juna, suka ce auduga ta buɗe, za su je tsinka. Rijiyar kirki, kana nitsawa tana ƙara sanyi. Tawa jiƙe take a sama, busasshiya a ƙasa, kamar an kifa ta.

Ina cikin wannan sai gafir ya biyo a kan jakinsa, wato mai gadin ƙofofin ruwa, wani dattijon Balarabe mai suna Ɗayyib. Ya leƙo ya kira ni yadda suke kirana, na hau muka gaisa. Da Larabci muka yi maganar, Inna kuwa ba ta nan, ta koma yin salla.

"Ya Abbakar, me ka jefar a ciki kake nema?"

Na ce ruwa. Na nuna masa furen, na gaya masa abin da kakana yake yi. Bai yi dariya ba, Allah ya jiƙansa. Ya kama hannuna ya kai ni gindin gaɓa, ya nuna mini wani ɗan rami da ɓera ya huda, ruwa yana zirarowa siriri kamar zare.

"Ga rijiyarka nan. A ƙasarku ruwa daga ƙasa yake tasowa, furen yana gaya muku gaskiya. Nan daga sama muke ba shi. Ranar da aka rufe ƙofa bayan auduga, kwana goma ba zai yi ba. Ruwan ƙasar nan yana can inda igiyarka ba ta kaiwa, in ka same shi ma da wuya ya shawu."

To, ku buɗe kunne, nan ne wurin da masu ba da labarina suke tsallakewa. Daga wannan rana na sani. Gaba ukun farko wauta ce, na yarda, wautar ɗan fadama da ya karanta ƙasar wasu da idon kakansa. Sauran huɗun da ido biyu na haƙa su. Na lura tun da aka fara jin ƙarar diga Inna ba ta sake ambaton Kawu Mamman ba, ƙullin kayanta da ta fara haɗawa yana nan yadda ta bar shi. Sai na ce a raina, muddin diga tana ƙara ba za ta ɗaure kaya ba. Wataƙila Kawu ya gaji da jira ya wuce. Na gaya wa Dije abin da gafir ya ce, na roƙe ta ta riƙe bakinta.

Ni kaɗai na ci gaba. In cika kwando, in hau ta 'yan ramukan da na sassaƙa na sa ƙafa, in jawo, in zubar, in koma. Dije tana fita tsinka da sassafe, sai ta shimfiɗa wa Inna tabarma kusa da bakin ramin, ta ajiye mata ke Ladi a cinya. Waɗannan makonni, ban san yadda zan kwatanta muku su ba. A ƙasa ba iska, ba hayaniya, sai ƙamshin ƙasa da numfashina. Idan na ɗaga kai, sama ta zama 'yar ƙaramar da'ira shuɗiya, wani lokaci balbela ta gifta. Wajen hantsi, idan iska ta kaɗa, kunnuwan furen su riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna juyi a hankali cikin hasken, su sauka mini a kafaɗa da gashi. Tare da su muryar Inna take saukowa. Da ke take magana, jaririyar da ba ta san komai ba, amma da ƙarfin da zai kai ƙasan rami. Ta ba ki labarin gulbinsu idan ya cika ya shafe fadama, da 'yan mata masu tsinkar bado a cikin ƙwarya. Ta ba ki labarin kakanki, yadda yake tafiya yana waiwaye kada ta gaji, yadda ya sayar da rigarsa ya saya mata nono ranar da ta haihu a gindin wata tsamiya, abin da ya ce da ya ɗauki jaririn. Shekara talatin ban taɓa jin ko ɗaya ba. Sau da yawa nakan jingina da bango in rufe ido, in ga kamar ina tafe a bayansu a wannan doguwar hanya, har sai ta ce, "Ladi, mi yas samu diga?" in farka in ci gaba.

Amma duniya ba ta tsaya jirana ba. Hawasha ta yi ciyawa, ban ruwa ya wuce ni sau biyu, auduga ta zube a ƙasa. Mai gonar ya aiko sau uku, a na huɗu ya ba wani. Ban ga laifinsa ba. Ran nan Dije ta dawo da yamma, hannuwanta duk sun tsage da ƙayar auduga, ta tsaya a bakin ramin ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Maigida, gona ta tafi. Ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba. Amma ranar da Inna ta tambaye ni, wallahi ba zan yi mata ƙarya ba."

Ita ta ɗauki gidan a wannan shekara da wadda ta biyo, da tsinka da surfen mutane. Zoben azurfarta na gado a nan ya tafi. Ban taɓa yi mata godiya yadda ya kamata ba har Allah ya karɓi abarsa, kuma wannan yana ci mini rai fiye da sunan da kuke kirana. Bayana da kuke gani a tanƙware, shi ma a wannan rami na baro shi.

Aka gama auduga, aka rufe ƙofa. Tur'a ta janye ta bar taɓo, taɓo ya bushe ya tsattsage har ƙafar akuya tana faɗawa. Shashatau ya daina fure. Ganyen ya yi ja, ya koma ruwan ƙasa, 'ya'yan suka fashe, ya rage kara tsaye yana ƙara idan iska ta taɓa shi. Inna tana zaune a cikinsa kullum, hannunta yana kai. Ni kuma ina ƙasa ina dukan ƙasar da ta koma kamar dutse.

Kawu Mamman bai gaji ya wuce ba. Ya iso wata safiya da jakarsa, ya ce lori yana Managil, gobe za a tashi. Ya leƙa ramin ya kwashe da dariya, ya ce ɗan nan ko Makka yake son ɓullawa ta ƙasa. Inna ta sa Dije ta ɗaure mata kaya tsaf. Sannan ta ce a kai ta bakin rijiya. Na fito na tsaya gefe, jikina duk ƙura. Ta ce a ɗaura dutse a igiya a saka har ƙasa. Aka saka. Ta jawo da kanta, tana aunawa da hannuwanta biyu, gaba bayan gaba, leɓunanta suna motsi. Da dutsen ya iso ta shafa shi, ta shafa bakin igiyar, ta murza ƙurar a yatsa.

"Dije, tun yaushe yas sani?"

Dije ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Tun gaba na uku, Inna. Gafir ya gaya masa danshin na tur'a ne."

Na jira faɗa, na jira ta ce na mayar da ita yarinya saboda ba ta gani. Ta karya wani busasshen kara ta riƙe.

"Shashatau bai yi ƙarya ba," in ji ta. "Ruwa yag gani. Bai san na aro ba ne."

Ta juya wajen ƙanenta.

"Mamman, tafi. Ka gaishe da wanda ka ishe da rai."

"Yaya, ke da kinka ce ba ki mutuwa a zango? Ga shi ba ruwa, ko ɗigo."

"Na ji ba ruwa. Ni tsorona in faɗi inda za a turbuɗe ni da gaggawa a koma tsinka. To, wanda yag gina gaba bakwai cikin busasshiyar ƙasa don kar in tafi, kabari nawa yake? Dije, kwance min kayan nan, ki ba maigidanki ruwa ya wanke fuska. Ya yi kama da aljani, ko ban gani ba na sani."

Na juya baya na yi kuka, a gaban kawuna, a gaban matata, ban ji kunya ba.

Damina biyar ta ƙara yi tare da mu. Ramin muka cike shi da hannunmu don kada yara su faɗa. Ranar da ta cika, da safe ne, maza suka taru da digoginsu za su tafi maƙabarta. Na ce su dakata. Suka ce Garba, bayanka, ka bari mu yi. Na ce a'a, an riga an ba ni wannan aiki. Na shiga ni kaɗai, suna tsaye suna kallo. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, diga tana shiga ba gardama. Kafin hantsi ya ɗaga na gama. Na so a ce ya fi haka daɗewa.